Tun Yaushe Baba Ya Ruɗe?

Kawuna ya sauka Abijan yana saurayi, daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi, da 'yar jakar tufafinsa da kuɗin mota na rance. Lokacin tashar jiragen ruwa tana kan tashenta. A 1950 aka fasa mashigin Vridi, ruwan teku ya sadu da tafkin da ya kewaye birnin, a 1951 aka buɗe tashar, daga nan Abijan ta shiga jan samari daga Nijar da Mali da ƙasar Mosi kamar yadda zuma ke jan ƙuda. Kawu ya yi dakon buhunan koko da kofi har kafaɗarsa ta yi kanta. Daga baya ya koma sayar da garba, abincin nan na acceken rogo da soyayyen kifin tuna da barkono, wanda ake cewa sunan 'yan Nijar masu sayar da shi ne ya bi shi. Shekara talatin da 'yan kai, da ya idar da sallar asuba sai ya nufi ɓangaren masunta na tashar ya sayo kifi. A Treichville ya yi aure ya hayayyafa. Yaren Jula yana bakinsa kamar ɗan gari, Faransancinsa na kasuwa kuma bai taɓa barin a cuce shi ba.

Na kai masa ziyara yana da shekara tamanin da wani abu, a gidan haya irin na unguwar, ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Kwanana uku da sauka ya birkice. Dare ya raba bai runtsa ba, yana hira da mutanen da ba wanda ke ganinsu, ya tuɓe riga, ya ce da matarsa ɓarauniya. Da hantsi sai ya lafa, ya amsa gaisuwa, mu ce alhamdu lillahi. Magariba na yi abin ya dawo sabo. Kowa a gidan da nasa bayani. Wannan ya ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Waccan ta ce iska ce. Wani ya tuno tsohuwar gaba ya ce sammu ne. Malam ya zo ya yi tofi. Wani maƙwabci ya ce a kai shi Bingerville, inda babban asibitin masu taɓin hankali yake tun 1962, wani kuma ya ce a kira mai allura ya yi masa ta barci kowa ya huta. A rana ta uku wata dattijuwa ta ce a aika a kira Majo.

A asibitocin ƙasashen da Faransa ta rena, majo shi ne shugaban ma'aikatan jinya na sashe. Ita wannan ta daɗe da yin ritaya, amma sunan aikin ya danne sunanta na yanka. 'Yar wani fataken goro ce, haifaffiyar Adjamé, Hausa da Jula da Faransanci duk nata ne, ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakunan da ake kwantar da tsofaffi. Ta shigo da 'yar jaka, a ciki akwai abin awon jini, da na sukari, da na zafin jiki, da ƙaramar tocila, da akwatin ashana. Ba ta buɗe jakar ba. Ta gaida Kawu, ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta ja matarsa gefe suka zauna kan tabarma.

"Inna, tun yaushe?"

"Ai ya daɗe, Majo. Tsufa ne."

"Wanne ne ya daɗe, mantuwar ko sambatun?"

Inna ta yi shiru tana lissafi. Mantuwa dai, in ji ta, ta kai shekara biyu, tun Babbar Sallar da ya biya kuɗin rago sau biyu. Yakan nemi hularsa tana kansa, yakan tambayi abu ɗaya sau biyar. Amma rashin barci da ganin mutane da rashin gane ta, wannan tun Laraba ne.

"To, cuta biyu ke nan," in ji Majo. "Ta Laraba ita za mu bi da gudu."

Na daɗe ina juya wannan tambaya tata, don a cikinta rabin gwanintar take. Mu duk kalma ɗaya muke da ita, wai tsoho ya ruɗe, mu rufe maganar da ita. Ita kuwa ta ce mini ruɗewa kamar baƙi ce. Akwai mai faɗowa ɗaki ba sallama, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe cikin minti ɗaya. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce, jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma maganin narkar da gudan jini galibi ba ya amfani sai an ba da shi cikin awa huɗu da rabi, bayan an ɗauki hoton kai. Akwai baƙon da ya tare tun shekaru ba a lura ba, yana ɗebe kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, shi ne cutar mantuwa. Akwai kuma mai zuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, ya zo ya tafi, ya fi ƙarfi da dare. Shi wannan kusan kullum aike ne daga wani wuri a jiki. Ƙwaƙwalwar tsoho ba ta da rarar ƙarfi, ƙaramin abu kan girgiza ta: ciwon huhu, zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, sukari ya hau ko ya faɗi, ƙishirwa, kwana biyar ba bayan gida, ko wata ƙwayar magani. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa ma jikin tsoho ba ya zafi ko da ƙwayar cuta ta kama shi, ruɗewar ita ce zazzaɓinsa.

Wata likitar tsofaffi a Amurka, Sharon Inouye, ta tsara hanyar gane irin wannan ruɗewa a 1990, kuma har yau da ita ake aiki a asibitoci da dama: abin ya zo farat ɗaya yana hawa da sauka, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, sannan ko tunani ya wargaje ko farkawar mutum ta canza. Majo ba ta riƙe takarda ba, amma abin da ta bi ke nan. Ta durƙusa daidai fuskar Kawu ta ce, "Baba, faɗo mini kwanakin mako, ka fara daga Juma'a ka komo baya." Ya ce Juma'a, ya ce Alhamis, sai idonsa ya bi bango, ya shiga tsintar wani abu a kan bargo. Ta auna sukari, lafiya. Ta haska idanunsa, ta sa ya matse yatsunta da hannu biyu, ƙarfi ɗaya. Ta dubi harshe, a bushe. Sannan ta nemi izini ta ɗora tafin hannu ƙasan cibiyarsa. Wurin ya yi tauri ya taso kamar an kife ƙwarya, Kawu ya zabura ya riƙe hannunta.

"Yaushe rabonsa da fitsari mai yawa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ashe kwana uku ke nan sai ɗigo, wando kullum a jiƙe, kunya ta hana ta faɗa wa 'ya'yansa. Majo ta ce a kawo mata duk maganin da ke ɗakin, na asibiti da na kanti da na gargajiya, a zube a faranti. A ciki ta tsamo wani maganin mura da aka saya wurin mai talla ranar Talata. Akwai wata ƙwaya a gindin mafitsarar namiji da ke kumbura da tsufa ta matse hanyar fitsari, irin wannan maganin mura kuwa yakan ƙarasa toshe ta, ya kuma ruɗa tsoho a karan kansa. Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ce a nemo tasi. A asibiti aka sa masa roba, fitsarin da ya fito ya fi lita, aka tarar da ƙwayar cuta a ciki, aka ɗora shi kan magani da ƙarin ruwa. Kafin kwana goma Kawu ya daina sambatu, ya koma barcin dare, ya kira matarsa da sunan da ya saba kiranta. Da an yi masa allurar barcin nan an rufe ɗaki, mafitsara tana cike ƙoda tana wahala, Allah kaɗai ya san inda za a kwana.

Sai da ya murmure sosai, bayan wasu makonni, ta dawo don ɗaya cutar. Ta ce ba a auna zurfin rijiya ana cikin ambaliya. Wannan zama na biyu shi ya fi burge ni, don wanda bai sani ba zai ɗauka hira ce kawai ta zo yi.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ƙarfin jiki?"

Kawu ya amsa tsaf, har da tambayar mutanen gidanta. Daga baya ta ce mini a nan baƙi ke yaudaruwa. Gaisuwarmu doguwa ce kuma a haddace take, harshe ya bi ta sau dubbai, tana cikin abubuwan da ke saura bayan wasu sun zube. Ɗan'uwa zai zo daga nesa ya yi minti goma, a gaisa, a yi addu'a, ya fita yana cewa ai Baba garau yake, matarsa ce mai ƙorafi. Shi ya sa da gaisuwa ta ƙare sai ta sauka daga kan hanyar da aka saba. Wa ya ba da sallar asuba yau? Me aka ci jiya da dare? Ƙaramar Sallah ce ta wuce ko Babba? Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ai kin sani, ɗiyata," ya juya ya dubi Inna. Sau uku yana wannan juyawa, sau uku Majo tana gani. Ta ba shi ajiyar kalmomi uku, goro da tabarma da raƙumi, ta ce za ta karɓa an jima. Ta ce, "Na sayi kifi na dala sittin, na ba ka dala ɗari, nawa ne canjina?" Kafin ta rufe baki ya ce dala arba'in, muka yi dariya har da shi. Ta ce ya lissafo mata dabbobi iya yawan da ya sani cikin minti ɗaya, ya kawo shida, akuya ta fito sau biyu. Da ta nemi ajiyarta, ko ɗaya bai tuna ba, bai ma tuna an ba shi ajiya ba. Amma da ta tambayi sunan ƙauyensu da sunan mai garin da ya baro, ya kawo har da sunan rijiyar da suke ɗiban ruwa. Haka cutar take, sabon rubutu take fara gogewa, tsohon ya daɗe yana nan.

Sannan ta fito da ashana. Ta jera tsinke huɗu a kan faranti ta yi wata siffa, ta wargaza, ta ce ya maimaita. Wannan ɗan wasa yana da tarihi. Gwajin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975, mai maki 30, yana neman mutum ya faɗi kwanan wata na bature, ya rubuta jimla, ya kwafi zane da fensir, ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Dattijon da allo ya yi, bai taɓa riƙe fensir ba, zai faɗi wannan jarrabawa ko da ya fi mai tambayar kaifin hankali. Likitocin Ibadan ne suka tsaya kan wannan matsala. A farkon shekarun 1990 Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi suka haɗa hannu da Hugh Hendrie na Indianapolis, suka auna tsofaffin Yarabawa da tsofaffin baƙaƙen Amurka da ma'auni ɗaya, wanda ba ya dogara da karatun boko, kuma yake ba maganar wanda ke zaune da tsoho nauyi. Sakamakon da suka buga a 1995 ya nuna cutar mantuwa a kashi 2.29 cikin ɗari na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, a Indianapolis kuwa kashi 8.24. Daga wannan aiki gwajin ashana ya fito, Olusegun Baiyewu da abokansa suka buga shi a 2005. Wani binciken da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 cikin ɗari. Adadin ba shi da yawa a ido, amma tsofaffinmu ƙaruwa suke, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum miliyan 57 da ke da cutar a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali suke.

Akwai abin da Majo ta lura da shi wanda ya shafi tsofaffinmu na zango musamman. Ta tambayi jikokin ko Kaka yana amsa musu in sun yi masa Faransanci. Suka ce ya daina, sun ɗauka fushi yake da su. Ta gwada shi da Jula, ya kama rabi ya saki rabi. Harshen da mutum ya koya da girma yakan riga na nono zubewa. Ga tsoho ya koma Hausar ƙauyensu zalla, ga jikoki haihuwar Abijan, Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa da aike ba. A asibiti abin ya fi muni, don likitan da ba ya jin Hausa ba shi da hanyar sanin ko maganar tsoho a tsare take ko a warwatse, sai abin da tafinta ya ba shi. Tafintan kuwa galibi ɗansa ne, ɗa kuma ba ya son a ga tsiraicin ubansa, sai ya riƙa gyara maganar kafin ya miƙa. Uba ya ce har yanzu zamanin mulkin Shugaba Diori na Nijar muke, ɗa ya ce wai ya ɗan manta kwanan wata. Da niyyar rufin asiri yake ɓoye wa likita ainihin abin da ya zo nema. Duk wanda Majo za ta tura da tsoho asibiti sai ta ja masa kunne: "Ɗana, faɗi yadda ya faɗa, kada ka yi masa kwalliya." Kuma takan nace a tafi da wadda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta gaya mana gaskiya ba kwana-kwana. Wannan ta biyun ba ta warkewa. Tun da Alois Alzheimer ya ba da labarin majinyaciyarsa a Jamus a 1906 ake neman maganinta, abin da ke hannu yanzu sai dai ya ɗan rage gudu ga wasu. Duk da haka ta sa aka kai shi wurin likitan jijiyoyi, irin waɗanda ke asibitin koyarwa na Cocody, aka yi gwajin jini da hoton kai. Dalilinta shi ne akwai cututtukan da ke sa rigar mantuwa alhali suna da magani: ƙarancin sinadarin B12, raunin ƙwayar maƙogwaro, tunjere da ya daɗe, ƙanjamau, da jinin da ke taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai. Saboda wannan na ƙarshe ba ta barin gida sai ta tambaya ko tsoho ya taɓa faɗuwa cikin 'yan watannin nan, ko da zamewa ce a banɗaki da kowa ya manta. Likitan fiɗa ya huda ƙoƙon kai ya zuƙe jinin, mutum ya dawo hayyacinsa.

Wadda ta fi ba ta tausayi, in ji ta, ita ce damuwa, don ita ce aka fi bari ta kashe mutum a banza. Tsohon Bahaushe ba zai buɗe baki ya ce yana baƙin ciki ba, gani yake butulci ne ga Allah. Zai ce jiki ba daɗi, kai ya yi nauyi, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace tun kafin kiran assalatu. Ya daina zuwa majalisa, ya daina tambayar kasuwa. Sa'o'insa sun mutu ko sun koma gida, shi kuma ba gona a can, ba ƙarfi a nan. In ka gwada shi zai yi kama da mai mantuwa, amma kunnen da ya saba yana jin bambanci. Mai mantuwa yana ƙoƙarin rufewa, ya kawo amsa ko ba daidai ba, ya yi wasa ya wuce. Mai damuwa cewa yake "ban sani ba, ku ƙyale ni," in ka lallashe shi kuma sai amsar ta fito daidai. Irin waɗannan takan tura su sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na cibiyar INSP da ke Adjamé, ta kuma gargaɗi iyali cewa maganin yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kada a yar da shi a kwana biyar. Kuma takan tambayi tsohon kai tsaye, su biyu, ko ya taɓa jin gara ya mutu. Ta ce tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauke masa kaya take.

Tun daga ƙofa take fara aiki, kafin a ce mata komai. Takan so tsoho ya taso ya tarye ta don ta ga tafiyarsa. Taku gajere, jiki a sunkuye, hannu ɗaya ba ya lilo, in ya zauna babban yatsa da manuni suna murzawa kamar mai jan carbi alhali ba carbi: cutar da James Parkinson ya bayyana a Landan a 1817 ke nan. Mun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan karin maganar ba ta aiki, don cutar tana daskarar da fuska, iyali su ɗauka tsoho ya daina kula da su ko hankalinsa ya tafi, shi kuwa yana ciki sarai yana jin komai. Maganin levodopa kan sake shi ya yi shekaru yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Kuma saboda irinsu, da masu wani nau'in mantuwa da ke zuwa da gane-gane, take adawa da allurar kwantar da mahaukata ga tsoho ba tare da likita ya duba ba. Allura ɗaya kan iya sandarar da su, wani ma ba ya tashi.

Ranar da na ga iyakar gwanintarta kuwa ba ta taɓa jakarta ba. La'asar sakaliya Kawu ya miƙe ya sa hula ya ce jirgi ya shigo, in bai yi sauri ba kifi zai ƙare. Kullum haka yake yi in rana ta sunkuya. Babban ɗansa ya tare ƙofa yana cewa, "Baba, shekara goma rabonka da tasha, ka zauna don Allah." Kawu ya fusata ya ɗaga sanda. Majo ta taso ta tsaya gefensa, ba gabansa ba.

"Baba, in jirgi ya shigo, ta yaya kake gane kifin kirki?"

Ya dube ta, sandar ta sauka. Ya ce a ido ake gani, da kuma in ka danna naman ya taso. Ta ce ya nuna mata yadda ake ciniki da matan tasha. Suka fita tare a hankali, yana ba ta labarin wani jirgi da wata shekara da kifi ya yi arha har aka rasa mai ɗauka. Suka kai teburin mai shayi na bakin layi, ya sha rabin kofi, aka kira magariba, ta ce, "Baba, mu je ka yi alwala." Ya biyo ta, tasha ta fita ransa. Ba ta ce masa jirgi ya zo ba, ba ta ce bai zo ba. Abin da ta koya wa 'ya'yan ke nan: kada ku ƙaryata shi, kada ku yi masa ƙarya, ku tambaye shi labarin. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ciyar da gida da wannan fita, in ya ce zai tafi tasha, cewa yake har yanzu shi mai amfani ne. Ta sa aka riƙa ba shi barkono yana cire hanci da la'asar, a gode masa in ya gama. In ya tambayi mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun kafin a haifi 'ya'yansa, kada a yi masa sabuwar ta'aziyya kullum, a ce ya ba da labarin furar da take damawa. Aka ɗinka lambar waya a cikin aljihun kowace riga tasa, aka gaya wa mai shayi da ladan da masu gadin layi. In ya rikice a raka'a, jika ya tsaya kusa da shi ya bi, ba mai yi masa gyara da tsawa, tun da malamai sun yi ittifaƙi cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a bin sa bashin ibada. Surorin da ya haddace yana yaro kuwa suna nan daram, in an ja masa baki sai ya ƙarasa.

Kafin ta tafi ta juya ga Inna ta ce, "Ke kuma wa ke kula da ke?" Inna ta fashe da kuka, shekara biyu ba wanda ya tambaye ta. A nan Majo ta zaunar da 'ya'yan ta raba musu kwana, ta auna jinin Inna ta tarar ya hau. Wannan sa iyali cikin jinya ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyatansa a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwan da ke tare da shi, a asibitin Fann na Dakar ma zamanin Henri Collomb an karɓi mai rakiya a matsayin ɓangaren magani. Sai dai iyalin da ba a koya wa komai ba, gajiya kan mai da su abin tsoro ga wanda suke ƙauna.

Kawu namiji ne, yana da mata da 'ya'ya, shi ya sa aka ce sammu aka yi masa. Da tsohuwa ce mara ɗa, ta fita tsakar dare ba zane, ta shiga ɗakin maƙwabta, tana kiran sunayen matattu, da wani suna aka ba ta. In an matsa mata da tambaya ma za ta amsa laifin da ba ta san ma'anarsa ba. A watan Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, da duka a bainar jama'a a Kafaba kusa da Salaga, Salagar nan ta fataken goro, bisa zargin maita. Majo ta ce duk lokacin da ta ji an ce wata tsohuwa mayya ce, takan ɗauki jakarta ta tafi tun ba a kira ta ba.

Majo ta tsufa, ƙafa ta fara ba ta wahala, kuma ban ga wanda take koya wa ba. Ina roƙon sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Adjamé da Treichville su nemo yaranmu masu jin Hausa da Faransanci, mata da maza, a ɗauki nauyin karatunsu na jinya, a kuma tanadi masu raka tsofaffi asibiti su yi tafinta da amana. Kai kuma mai karatu, in tsohonka ya kwana lafiya ya wayi gari a ruɗe, a yi masa addu'a a cikin mota: ka kai shi asibiti a ranar, ka tafi da wadda ke kwana da shi, ka kwashi duk magungunan da ke ɗakinsa a leda ɗaya.